Kayan Jere a Ƙuntataccen Ɗaki

Uwar ɗiya ba ta jiran a sa rana kafin ta fara tara kayan ɗaki. Tun yarinya ba ta gama sakandare ba ake shiga adashi. A kwasa a sayi kwalla, a kwasa a sayi saitin samira, bana tangaran, baɗi kuloli, ana turawa ƙarƙashin gado. Duk wannan hidima ana yin ta ne ba tare da an san gidan da za a kai yarinyar ba. Wataƙila babban gida ne mai yalwar tsakar gida, inda kullum ake ɗora tukunyar mutum talatin. Wataƙila kuma ciki da falo ne a gidan haya, daga ita sai mijinta. Tunda ba a sani ba, sai a sayi na kowane hali. Ranar jere ake ganin zahiri: gwaggwanni su yi cirko-cirko a bakin ƙofa, su dubi kaya, su dubi ɗaki, can wata ta ce wa uwar amarya, "To Yaya, ina za mu kai wannan duka?"

Haka Linux take isowa kwamfutarka. Masu haɗa Debian ko Ubuntu ko Fedora ba su san na'urar da za ka zuba manhajarsu a ciki ba. Kowane ɓangare na kwamfuta yana buƙatar direba, wato ƙaramar manhajar da ke bai wa tsarin damar sarrafa shi, kuma katin Wi-Fi yana cikin masu wahalar sha'ani, domin maƙeransa suna da yawa kuma kowa da irin nasa. Intel tana da iwlwifi. Atheros, wadda Qualcomm ta saya a 2011, tana da ath9k da ath10k da ath11k. Realtek tana da rtw88 da rtw89 da wasu tsofaffi. MediaTek tana da mt76, ta kuma gaji direbobin Ralink da ta saya a wannan shekarar dai ta 2011. Broadcom tana da brcmfmac, wanda allunan Raspberry Pi suke aiki da shi, da b43 na tsofaffin katuna. Kwamfutarka kati ɗaya gare ta, amma an kawo maka direbobin kowa, an jere su a aljihun /lib/modules, kowanne a fayil ɗinsa, yana jiran ranar da za a neme shi. Galibinsu har kwamfutar ta mutu ba za a neme su ba.

Ni ban ɗauki wannan a matsayin almubazzaranci ba, kamar yadda ban ɗauki kwallayen uwar ɗiya almubazzaranci ba. Tanadi ne na wanda ba ya so ka ji kunya a inda za ka. Wanda ya yi amfani da Linux shekaru goma sha biyar da suka wuce ya san ɗacin ka gama zuba manhaja, ka kunna, ka tarar babu Wi-Fi, kuma abin da zai gyara Wi-Fi ɗin yana intanet. Debian ta daɗe tana ƙin saka wasu fayilolin da kamfanoni ba su buɗe asirinsu ba a cikin faifan girkawarta na hukuma, saboda aƙida. Sai a 2022 membobinta suka kaɗa ƙuri'a suka sauya, daga Debian 12 da ta fito a watan Yunin 2023 aka fara haɗawa da su. Sabon shiga ya fi kowa cin moriyar wannan sauyi. Saboda haka idan na ce a rage kaya, ba ina zargin wanda ya kawo su ba ne. Ɗakin ne ya yi kaɗan.

Kuma akwai ɗakuna ƙanana da yawa. Mai kwamfuta mai ma'ajin GB 500 ba ya cikin wannan magana, ya bar direbobinsa su yi barcinsu. Maganar ta masu 'yan ƙananan kwamfutocin nan ce da ake kawowa na hannu, masu ma'ajin GB 32 ko 16 wanda aka manne shi a jikin allo, ba ya ciruwa balle a sa babba. Ta mai Raspberry Pi ce da ƙaramin katin ajiya. Tun Eee PC ta kamfanin Asus, wadda ta fito a 2007 da ma'ajin GB 4 kacal, mutane suke wannan lissafi. A can ƙarshen layi kuma akwai na'urar rarraba intanet ta gida, wadda duk ma'ajinta MB 4 ne, bai kai girman hoto ɗaya na wayar zamani mai kyau ba. Zan zo kanta, domin a can ne maganar take da nauyi sosai.

Mace mai hankali ba ta fara rage kaya da cokula. Tana duba abin da ya cinye ɗakin tukuna. A Linux umarnin du shi ke auna nauyin kowane aljihu, kuma duk wanda ya auna kafin ya goge yakan sha mamaki. Idan ka auna aljihun drivers/net/wireless da ke ƙarƙashin kenel ɗinka, wato zuciyar Linux, za ka ga duk direbobin Wi-Fi na duniya ba kasafai suke wuce 'yan goman MB ba, balle yanzu da yawancin masu haɗa Linux suke matse su kafin ajiyewa. Ka juya ka auna /lib/firmware, sai ka ga ɗaruruwan MB. A nan kayan suke.

Bambancin biyun kamar tukunya ne da murfinta. Direba yana aiki a cikin kenel, a kan babban injin kwamfuta. Famwaya kuwa manhaja ce da ake tura wa katin kansa duk lokacin da aka kunna, domin katunan zamani suna da ɗan ƙaramin injin sarrafawa a cikinsu, amma ba su da inda za su adana manhajarsu idan wuta ta ɗauke. Direba ne yake ɗauko famwaya daga ma'aji ya miƙa wa kati. Idan babu ita, direban zai tashi, ya nema, ya rasa, katin ya zauna shiru kamar babu shi. Abin da ya sa murafen suka fi tukwanen cika ɗaki shi ne, kowane zubin kati yana da nasa, wani ma yana da tsoho da sabo da sabo fil, duk an ajiye saboda masu tsohon kenel da masu sabo. Ka leƙa fayilolin da suka fara da iwlwifi ka gani: jeri ne mai tsawo, kuma katinka ɗaya ko biyu yake buƙata a ciki. Ba na Wi-Fi kaɗai ne a aljihun ba. Akwai na katunan hoto na AMD da Nvidia, akwai na manyan katunan sadarwa na cibiyoyin bayanai waɗanda kwamfutar ɗalibi ba za ta taɓa haɗuwa da su ba.

Sai kuma saitin da aka maimaita. Duk sabon kenel da ka sauke yana zuwa da nasa cikakken aljihun direbobi, tsohon kuma yana nan bai tafi ba. Fedora tana riƙe guda uku bisa al'ada. A dangin Debian umarnin apt autoremove yakan kwashe waɗanda suka tsufa, apt clean kuma ya share ƙunshin da aka sauke aka gama girkawa. Amaryar da aka kawo mata saitin samira iri ɗaya har huɗu, daga uwa da gwaggo da inna da kishiyar uwa, idan ta mayar da biyu gida ta sami fili fiye da wanda za ta samu da tsintar cokula ɗai-ɗai, kuma ba ta rasa komai ba. Ka bar kenel da kake kai da wanda ya gabace shi, saboda ranar da sabon zai ƙi tashi. Mutane da yawa idan suka yi wannan kaɗai, buƙatar taɓa direbobin Wi-Fi ma ta kau.

Idan an yi duk wannan ɗaki bai isa ba, to sai a zo kan direbobin, kuma sharaɗin farko shi ne ka san tukunyar da kake girki da ita. Sunan da ke jikin kwamfuta ba ya faɗa maka. Kwamfutoci biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya suna iya zuwa da katuna daban, wannan Intel wancan Realtek, gwargwadon abin da masana'anta ta samu a lokacin. Ƙananan sandunan Wi-Fi na USB da ake sayarwa a shagunan kayan kwamfuta, irin na titin Beirut a Kano, sun fi haka rikici: kwali ɗaya, suna ɗaya, amma zubi na biyu da na uku kayan cikinsu daban. Na'urar za ka tambaya. Umarnin lspci -k zai nuna maka katin da direban da ke riƙe da shi a yanzu. Na USB kuma lsusb -t. Umarnin lsmod yana jero duk abin da aka ɗora a wannan lokaci, modinfo kuma ya faɗa maka famwayar da direba yake iya nema da sauran direbobin da ya jingina da su. A saƙonnin dmesg za ka ga ainihin fayil ɗin da aka tura wa katin da aka kunna. Ka rubuta waɗannan sunaye a takarda, da biro. Ranar da allo ya ƙi nuna komai, takardar ce za ta yi maka rana.

Akwai abubuwan da ba tukunya ba ne, amma babu girki sai da su. Duk wadda ta shiga madafi tana kwashe abin da bai yi kama da kwano ba, za ta iya haɗawa da duwatsun murhu. A Wi-Fi na Linux duwatsun su ne cfg80211 da mac80211, ginshiƙan da yawancin direbobi suke zaune a kai. Sunansu bai ambaci Intel ko Realtek ba, shi ya sa mai gaggawa yake ɗauka ba nasa ba ne. Haka iwlwifi ba ya aiki shi kaɗai, sai da irin su iwlmvm ko iwldvm gwargwadon shekarun katin. A cikin /lib/firmware akwai wani ɗan ƙaramin fayil, regulatory.db, wanda ke ɗauke da dokokin kowace ƙasa kan tashoshin rediyon da aka yarda Wi-Fi ya hau da ƙarfin da zai yi amfani da shi. Ka goge shi, katin ya koma taka-tsantsan, wasu tashoshin su ɓace maka. Yawancin katunan kwamfutar cinya kuma Wi-Fi da Bluetooth a haɗe suke a jiki ɗaya, amma famwayarsu daban take, sau da yawa a aljihu daban. Wanda ya share aljihun famwaya gaba ɗaya don ya ga girmansa, idan katin hotonsa na AMD ne, yana iya kunnawa ya tarar allon ma bai zo daidai ba.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne auna gida da ranar da ba kowa. A ce gwaggo ta zo ranar Talata da hantsi, ta tarar da 'yar tukunyar miya a kan risho da kwano biyu a wanke. Ta ce, "'Yar nan, ai waɗannan kaɗai kike amfani da su, bari in tafi da sauran in ajiye miki." Amarya ta ce, "To Gwaggo." Ɗaki ya yi fili, kowa ya ji daɗi. Bayan wata tara aka haihu, gida ya cika ranar suna, babu babbar tukunya, babu kula, babu daro. Masu gina kenel da kansu suna da umarni mai irin wannan hali, make localmodconfig, wanda ya shiga kenel tun 2009. Yana duba abin da ke ɗore a lokacin da ka kira shi, ya kashe duk sauran. Aiki ne mai kyau, yana rage girma da lokacin gini sosai, amma abin da bai gani ba a wannan sa'a ya tafi. Filashin da ba ka soka ba, firintar ofis, linzamin Bluetooth da ke cikin jaka. Shi ya sa masu amfani da shi suke sossoka duk na'urorinsu kafin su kira shi, wasu ma su yi makonni suna tara jerin abin da suka taɓa ɗorawa.

A wajenmu wannan ya fi tsanani, kuma dalilin a bayyane yake. Yawancin gidaje babu wayar intanet da ke shigowa ta bango. Abin da ake da shi hotspot ne na wayar hannu, ko 'yar na'urar MiFi. Wanda yake da wayar bango idan ya ɓata Wi-Fi sai ya soka waya ya sauko da abin da ya goge. Wanda Wi-Fi ne kaɗai ƙofarsa, idan ya ɓata shi ya rufe kansa a waje. Mafita ɗaya da ta rage ita ce haɗa wayar hannu da kwamfuta ta igiyar caji, kuma wannan ma direbobi yake buƙata: rndis_host da cdc_ether da cdc_ncm ga wayoyin Android, ipheth ga iPhone. Suna zaune a drivers/net/usb, maƙwabtan na Wi-Fi, 'yan ƙanana ne ƙwarai. Ko me za ka rage, kada ka taɓa su. Ni a ganina ma ya kamata a bar direbobin sandunan USB da suka fi yawa a kasuwa, na Realtek da MediaTek da Ralink, domin katin ciki yana mutuwa, kuma ranar da ya mutu sandar da ka samu a shago ita za ka saya, ba wadda ka zaɓa ba. A Ubuntu kuma a kula da ƙunshin linux-modules-extra, idan zubinka yana da shi. Sunansa yana sa mutum ya ɗauka rarar kaya ce, alhali galibin direbobin Wi-Fi a cikinsa suke.

Yadda ake fitar da kayan ma yana da ƙa'ida. Kayan jere a lissafe suke, uwar ɗiya ta san adadin kowane saiti. Idan amarya ta ɗauke kwano uku a ɓoye ta bayar, ranar da uwa ta zo ganin ɗaki ta ga giɓi, za ta aiko da wasu ne kawai. Manajan ƙunshi, ko apt ne ko dnf ko pacman, haka yake. Yana da rajistar kowane fayil da ya kawo. Ka shiga /lib/modules ka goge da hannu, yau ka sami fili, sabuntawa ta gaba ta dawo da komai, ka kuma biya kuɗin data na sauko da su. Ga shi kuma ka bar rajista tana faɗin abin da ba shi ne a ƙasa ba, kuma sai ka tuna ka kira depmod ya sake rubuta jerin wane direba ya dogara da wane. Hanyar da ta fi ita ce a gaya wa mai lissafin. Debian ta daɗe da raba famwaya gida-gida: firmware-iwlwifi, firmware-realtek, firmware-atheros, firmware-brcm80211. Mai katin Intel sai ya cire sauran ta hanyar apt, ba kuma za su dawo ba. Fedora ma ta rarraba nata, Arch Linux ta bi sahu a watan Yunin 2025, ta fasa babban ƙunshinta zuwa na Intel da na Realtek da na Atheros da na MediaTek da sauransu. Ubuntu ta daɗe tana kawo nata a dunƙule ɗaya. Inda ƙunshi bai rabu ba, akwai hanyar cewa kada a sauke wani aljihu tun farko: path-exclude a saitin dpkg, NoExtract a pacman.conf. Waɗannan suna aiki, sai dai mutum ya rubuta wa kansa abin da ya hana, domin bayan shekara biyu idan ya sauya kati ba zai tuna dalilin da ya sa sabon ya ƙi tashi ba.

Wasu suna rikita cirewa da hanawa. Saka sunan direba a jerin blacklist cikin /etc/modprobe.d yana hana shi tashi da kansa, amma fayil ɗin yana nan inda yake, ko KB ɗaya ba a samu ba. Amfaninsa daban ne, kuma yana da kyau a matsayin gwaji: ka hana waɗanda kake niyyar cirewa, ka yi kwanaki kana aikinka, ka haɗa da Wi-Fi na gida da na makaranta da hotspot, ka gwada Bluetooth. Idan babu abin da ya yi ƙara, sannan ka cire. Ko a nan ma ka kwafe su a filashi tukuna. Kai kaya ɗakin ajiya na gidan iyaye daban yake da sayar da su ga 'yan gwangwan.

Yanzu ga ƙaramin ɗakin da na ambata. A ƙarshen 2002 kamfanin Linksys ya fitar da na'urar rarraba intanet mai suna WRT54G. Masu bincike suka gano Linux ce a cikinta, kuma lasisin GPL ya wajabta wa duk wanda ya sayar da ita ya saki rubutun manhajar. A 2003 aka saki, a 2004 aka kafa OpenWrt a kan wannan tushe, wato Linux ta musamman da mutum zai zuba a na'urarsa a madadin ta kamfani. Miliyoyin na'urori masu araha, irin TL-WR841N ta TP-Link a yawancin zubinta, ma'ajin MB 4 gare su da ƙwaƙwalwar aiki MB 32. A cikin MB 4 ɗin nan akwai rabon manhajar tayarwa, akwai wani ɗan yanki da ke ɗauke da ma'aunin rediyon na'urar wanda aka rubuta a masana'anta, a na'urorin Atheros ana ce masa ART, kuma idan ya goge Wi-Fi ɗin na'urar ya lalace. Sauran ne kenel da duk manhajoji za su raba. Abin da yake rage wa mai na'ura bai wuce 'yan ɗaruruwan KB ba, wani lokaci ma bai kai ba. A nan direba ɗaya da ba a buƙata shi ne bambancin samun wurin saka abin da kake so da rashinsa.

Sai mutum ya yi abin da hankali ya ba shi: ya kira opkg remove, ya cire ƙunshin da ba ya so, ya duba fili, ya tarar bai ƙaru ba, ya ma ɗan ragu. Dalili yana cikin yadda aka gina ɗakin. Manhajojin da suka zo da OpenWrt suna cikin wani yanki matsattse mai suna SquashFS, wanda karantawa kawai ake yi, ba a rubutu a kansa. A samansa aka shimfiɗa wani yankin da ake iya rubutawa, inda saitunanka da sababbin ƙunshi suke sauka. Ka ɗauka kabad ce ta gilashi da kafinta ya kafe a bango ranar jere, aka jera kwanuka a ciki, aka kulle, aka tafi da makulli. Idan amarya ta gaji da ganin wani saiti, iyakar abin da za ta iya shi ne ta rataya labule a gabansa. Ba a ganinsa kuma, amma yana nan, ga labulen ma ya ci nasa wurin. Abin da opkg yake yi ke nan da ƙunshin da ya zo a ciki: yana rubuta wata 'yar alama a yankin sama cewa a ɗauka wannan fayil babu shi, alamar kuma tana cin fili. Wannan tsari ba sakaci ba ne. Saboda shi ne idan ka ɓata saiti za ka danna maɓallin mayarwa, a share yankin sama, na'ura ta koma yadda take ranar farko.

Maganin shi ne a zaɓi kaya kafin a kafe kabad. OpenWrt tana da kayan aiki mai suna Image Builder, wanda kake saukewa a kwamfuta ka haɗa naka zubin. Kana ba shi sunan na'urarka da jerin ƙunshin da kake so, duk wanda ka sa wa alamar ragi a gaban sunansa ba zai shiga ba. A nan riba biyu ce: abin da ka cire ya fita da gaske, abin da ka ƙara kuma ya shiga yankin matsattse, inda yake cin wuri ƙasa da yadda zai ci a yankin sama. Wanda ya mayar da tsohuwar na'ura ta zama mai aiki da waya zalla, ba ya buƙatar rediyonta ko kaɗan, zai iya fitar da kmod-ath9k da kmod-mac80211 da wpad gaba ɗaya, kuma a ma'ajin MB 4 wannan fili ne mai yawa. Wanda kuwa Wi-Fi yake so, waɗannan su ne tukunyarsa, sai ya duba wani wuri, kamar ppp idan layinsa ba ya buƙata. Dole kuma a bar wa yankin sama ɗan sarari, domin tsarin JFFS2 da ke riƙe da shi yana buƙatar wasu tubala a sake kafin ya yi aiki. Idan aka cika zubin maƙil, na'ura za ta tashi lafiya, ka yi saiti, wuta ta ɗauke, ta dawo ta manta komai. A inda ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, ba sai an bayyana wa kowa wahalar wannan ba.

Duk da wannan ƙoƙari, akwai inda dabara take ƙarewa. Kenel yana girma kowace shekara, matakan tsaro ma haka, ɗakin kuwa bai ƙaru ba. Jerin 19.07 shi ne na ƙarshe da OpenWrt ta fitar wa na'urori masu MB 4 da MB 32 a hukumance, kuma ta daɗe tana gargaɗin kada a sayi irinsu. Ina girmama masu ci gaba da matse sabuwar manhaja a cikinsu, domin ba kowa ne yake da kuɗin sabuwa ba, kuma na'urar da ke aiki bai kamata ta tafi juji ba. Amma idan matsin ya kai ga cire abin da ke kare ƙofar gida, ko zama a kan tsohon zubin da ba a toshe ramukansa, to gara a sauya mata aiki, ta koma cikin gida bayan wata na'urar, kada ta zama ita ce ke fuskantar intanet kai tsaye.

Su kansu masu kula da kenel suna rage kaya, amma a hankali suke yi, kuma ba don fili ba. A ƙarshen 2023 Arnd Bergmann ya gabatar da shawarar fitar da wasu direbobin Wi-Fi na zamanin farko, irin su orinoco da hostap da atmel da ray_cs da wl3501, waɗanda galibinsu na katunan da ake zurawa a gefen kwamfutar cinya ne a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, masu gudun da bai wuce megabit 11 a daƙiƙa ba. Nauyinsu a ma'aji ba wani abu ba ne. Nauyinsu yana wuyan masu gyara, domin duk sauyin da aka yi a ginshiƙan Wi-Fi sai an bi su an daidaita, alhali babu mai riƙe da katin da zai gwada ko gyaran ya yi. An sanar a fili, aka ba da lokaci ko akwai mai amfani da su ya yi magana, sannan aka fitar da su a kenel 6.8 na watan Maris 2024. Direbobin Intel na zamanin Centrino, ipw2100 da ipw2200, waɗanda katunansu suka haura shekara ashirin, an bar su a ciki.